Geron da Baffana Ya Shuka a Burtali

Shekarun baya, zamanin da nake sakataren kwamitin filaye na wata ƙaramar hukuma a gabashin Damagaram, ni ke riƙe da bayanin gonaki, rijiyoyi da hanyoyin jama'a. Cikin hanyoyin nan babu wadda ta fi cin raina kamar burtali. Ba shanu kaɗai ke bin sa ba. Ta nan mata ke zuwa itace, ta nan masu jakuna da amalanke ke fita kasuwa, ta nan mai doki ke ratsa gonaki ba tare da ya taka shukar kowa ba. Amma da damina ta faɗi, sai kowane manomi ya riƙa gutsurar gefensa kunya ɗaya, kunya biyu, kamar ɓera da ƙosai. Na tsani wannan ɗabi'a, kuma ban taɓa ɓoye tsanar ba. Duk wanda na kama, sunansa sai ya shiga rapor, wato takardar rahoto, rapor kuma sai ya kai gaban jandarma.

Wata damina, gero ya kai ƙugu, sai ga arɗon Fulanin yankinmu a biro, wato ofishinmu. Tsoho ne siriri, mai yawan murmushi. Ya ce burtalin da shanunsu ke bi zuwa babban tabki ya tsuke, har jaki mai mangala ba ya wucewa sai ya goga shuka. Ya ce an riga an zare sanduna sau ɗaya tsakanin samarinsu da samarin gari, kuma ƙaramin tabkin da suke lallaɓawa da shi ya kusa ƙafewa. Na hau moto, wato babur, na je na gani da idona. Aguwar da kakanni suka dasa a matsayin iyaka an tumɓuke ta, gero ya cinye fiye da rabin hanya. Gonar kuwa ba sai na tambaya ba. Ta baffana ce, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe gidanmu bayan rasuwar mahaifin namu, wanda ya kama hannuna ya kai ni lakkol, makarantar boko.

Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi.

Ya kira ni da sunan da ake kiran ma'aikatan hukuma da Faransanci, ya ce, "Mushe, da gaisuwa ka zo ko da takarda?"

Na ce, "Da gaisuwa, Baffa. Sai dai na biyo ta burtali."

"To, ka ga gero ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Baffa, amma ba a gonarka ya yi kyan ba. Hanyar nan ta kowa ce."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ta kowa ce? Ni ba na cikin kowa? Tashi ka je ka rubuta. Ai don ka iya rubutu na kai ka."

Na fito daga zauren. Mahaifiyata, da labari ya riga ni isa wurinta, ba ta ce baffa yana da gaskiya ba. Cewa ta yi, "Ni ban san dokarku ba. Abin da na sani, ranar da jandarma suka tsaya a ƙofar gidansa da takarda mai ɗauke da hannunka, ba kai ba shiga zauren nan har abada. Ni ma haka." Na ce mata na rubuta sunayen talakawan da ba su da kowa a biro, saboda haka ba zan tsallake sunan wani don jininmu ɗaya ba. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta juya ga tukunyarta.

Washegari arɗo ya dawo. Na shaida masa cewa zan rubuta rapor kamar yadda na saba, ko gonar wa ce. Ya ce ya san gonar wa ce tun kafin ya zo. Sannan ya roƙe ni in jinkirta zuwa bayan ranar kasuwa. Na amsa masa da wani dogon jawabi a kan cewa doka ba ta jiran ranar kasuwa. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai. Gaskiyar magana ita ce magajin gari, wanda sai da sa hannunsa rapor ke fita, ya yi tafiya, kuma ba shi dawowa ya sa hannu sai bayan kasuwar. Jinkirin da na ƙi bayarwa da baki, tilas ta bayar da shi.

Mu asalinmu Barebari ne, kuma kowa a ƙasar Damagaram ya san wasan da ke tsakanin Babarbare da Bafillace. Kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kowanne yana faɗa wa ɗayan abin da ya ga dama, kuma wanda duk ya yi fushi shi ya faɗi, gari ya samu abin dariya na shekara. Ni a lokacin ina ɗaukar abin a matsayin hirar tsofaffi, ba abin da ya shafi aikin hukuma ba.

Ranar kasuwa da hantsi aka aiko mini cewa in zo burtali. Na tarar da jama'a sun taru, masu jakuna sun yi cirko-cirko. Arɗo ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar geron baffa, daidai inda tsohuwar iyaka take, ya kafa turke ya ɗaure wata tsohuwar saniya, ya kishingiɗa kamar mai gida. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa, "Tsaya ka ga aikin bawana. Ban sa shi ba, ban roƙe shi ba, ya noma wa shanuna abinci a kan hanyarsu, don kada su sha ruwa da yunwa. Irin wannan bawa ba a sayar da shi."

Can sai ga baffa, yana tafe yana gyara hula.

Arɗo ya ɗaga murya, yana nuna tsagar Barebari da ke fuskar baffa. "Ga shi nan, mai fuska kamar an yi huɗa! Kai, gonar da ke kumatunka ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da hanya?"

Jama'a suka fashe da dariya. Na ga jijiyar wuyan baffa ta tashi, na ga kuma ya haɗiye.

Ya ce, "Ɗan daji, wa ya ba ka izinin zama a inuwar ubangidanka? Kai da ko akuya ba ka taɓa yanka wa baƙo ba."

"Baƙo dai ga shi a gonarka tun safe, ko ruwa."

Dole baffa ya aika gida aka kawo fura. Arɗo ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce nonon duk ruwa ne. Baffa ya ce, "A wurin matarka muka saya." Wannan karon baffa ne ya ci, har arɗon ya riƙe ciki don dariya. Haka suka yi ta yi, rana tana ɗagawa, masu zuwa kasuwa sun manta da kasuwa. Ni kuwa ina tsaye da jakata a hammata, ina jin haushin yadda aka mayar da ƙetare doka wasan yara.

Da dariya ta lafa, arɗo ya jawo baffa kusa, ya yi ƙasa da murya. Ina dab da su, shi ya sa na ji. Ya ce, "Taubashi, ni baki kaɗai gare ni. 'Ya'yana sanda gare su, naka gatari. Ba su iya wasan nan kamar ni da kai ba. In ƙaramin tabkin can ya ƙafe, ba ni da abin da zan tare su da shi."

Baffa ya dubi geron. Sannan ya juya ya ce a kawo lauje. Shi ya fara yanka da hannunsa, ya tara a gaban saniyar, ya ce da ƙarfi, "Ku shaida, jama'a! Kyauta na yi wa bawana, don na ga yunwa za ta kashe shi a gonata."

Kyauta! Yaya mutum zai yi kyauta da abin da ba nasa ba? Na buɗe baki zan gyara maganar a gaban shaidu, sai arɗo ya miƙo mini igiya ya ce, "Mushe, riƙe mini saniyar nan, kada ta ci ta wuce ƙima." Haka sakataren kwamitin filaye ya ƙare yinin nan, riƙe da igiyar saniya, bakinsa a rufe. Kafin la'asar samarin gidanmu sun share hanya har tsohuwar iyaka, kuma kafin damina ta fita baffa ya sake dasa aguwa. Abin da na rubuta a rapor layi ɗaya ne: an duba burtalin tabki, a buɗe yake.

Har yau ban sauya ra'ayi ba. Baffa bai kyauta ba, bai kuma taɓa furta cewa bai kyauta ba, kuma da kowane burtali zai jira sai an sami tsoho mai iya baki, da tuni ba sauran hanya a ƙasar nan. Shi ya sa na yi murna da aka zo aka kafa turakun siminti a iyakokin burtali. Amma duk lokacin da na tuna shekarun da na ƙara ina cin tuwon sallah a akushi ɗaya da baffa, har ranar da na shiga sahun gaba a jana'izarsa ba tare da wani ya harare ni ba, sai in yi wa arɗon nan addu'a, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Mutane kan ce mini ai da an kai ga gaɓar rubuta sunan baffa, da hannuna ya kasa. Na san kaina. Da na rubuta sunan, da na sa hannu, da kuma na rasa gidanmu. Tsohon nan ya san haka tun ranar da na yi masa jawabi a biro, shi ya sa ya ɗauki buzunsa ya riga alƙalamina zuwa gonar.