Igiya Daidai Yatsan Kalo

Ƙanena Sitaleki, wanda muke kira Leki, bai taɓa sayen igiyar jirgin ruwa da ido ba. Da yatsan matarsa yake saye.

Tun suna ango da amarya, Kalolaine ce ke riƙe igiyar ƙaramin filafilin gaba, zanen nan da iska ke turawa, shi kuwa yana baya yana tuƙi. Doya da kwakwa suke kaiwa kasuwar Pangai daga tsibirinmu, su dawo da fulawa da kananzir. Igiyar farko da ya ba ta siririya ce, ta yanke mata tafi. Ta zo min hannu duk jini, ni kuwa na je na wanke Leki tas a gaban abokansa. Daga nan ya samo dabara. Duk sanda igiya ta tsufa, sai ya tsago ganyen kwakwa, ya zagaye ƙaramin yatsanta, ya ƙulle, ya kai kanti. Igiyar da ta cika wannan zoben ita zai saya. Wai abin da ya kai kaurin yatsan mutum, hannunsa zai riƙe ba ciwo. An yi ta masa dariya, amma igiyar tana gudu sumul cikin 'yar tayar katakon da take bi, Kalo kuma ba ta sake yankewa ba.

Kalo a tudu kamar baƙuwa take. In mata sun taru saƙar tabarma, ita ce mai karkatacciya. Waƙa a coci kuwa, gara ta yi shiru. Amma a ruwa, kafin iska ta juya ta riga ta ji a kumatunta. Da cikin 'ya'yanta shida duk ta hau jirgin nan.

Sai tsufa ya zo, sanyin ƙashi ya kumbura mata yatsu. Leki bai lura ba, namiji ne. Ya tsago ganyensa kamar kullum, ya auna, ya sayo sabuwa.

Ranar da suka fara fita da ita, suna dawowa dab da mashigar duwatsu, iska ta bugo da ƙarfi. A irin wannan lokaci dole a saki filafilin gaba. Bai saku ba. Jirgi ya kwanta, buhun fulawa ya tafi, Kalo ta bi shi. Da iyo ta fito, rabin gari na tsaye a bakin ruwa suna kallo.

Washegari babban ɗansu Fotu ya zo wurina, don maganar yayar uba ba a tsallake ta a gidanmu.

"Gwaggo, ke kaɗai ce Baba ba zai musa wa ba. Ki ce ta zauna a gida. Hannunta ya ƙage, ta kasa sakin igiya."

"Kana cikin jirgin ne?"

"Kowa ya gani."

"Kowa ya ga ƙafafun uwarka a sama. Kira min su."

Suka zo. Kalo ta zauna tana kallon ƙasa. Na san in na ce ta zauna a gida, zama za ta yi, kuma ba za ta daɗe a duniya ba.

"Na saki," abin da ta ce ke nan. "Wallahi na saki."

"To wa ya riƙe, aljani?" in ji Fotu.

Na ce mu je wajen jirgin. Leki ya kama igiyar ya ja, ta ƙi. Ya sa ƙafa ya ja, ta motsa da kyar tana kuka cikin tayar. Kalo ta wuce bayan gida ta kwanto tsohuwar igiyar, wadda suka ɗaure alade da ita, ta ajiye kusa da sabuwar. Kamar uwa da 'ya.

"Tsoho," ta ce, "yatsana ka auna, ka auna tayar?"

Leki ya kama hannunta yana jujjuyawa kamar yau aka ba shi.

"Yaushe ya zama haka?"

"Tun kana da haƙora."

Fotu ya ce ai magana ta ƙare, a koma siririya. Aka miƙa mata tsohuwar. Ta yi, ta yi, hannun ya ƙi rufuwa a kanta. Mai kaurin ce kaɗai take iya damƙa. Fotu ya dube ni, wato ai na gani da idona.

Leki ya tashi. Ya ɗauko icen da ya ajiye don turken gida, ya zauna ya sassaƙa sabuwar taya, ƙatuwa, mummuna, mai faɗin baki. Ya zura igiyar, ya ce Kalo ta saki. Igiyar ta zube fuu.

Na ce wa Fotu, muddin tana iya hawa jirgi da ƙafarta ba a ɗaga ta ba, ba mai ajiye ta a tudu. Ya tafi yana ƙunƙuni, har yau bai gama ba.

Igiyar tana da nauyi, gaskiya. In iska ta yi sanyi sai nauyinta ya ja filafilin ƙasa ya langaɓe, kowa ya wuce su. Yanzu su ne na ƙarshen isa kasuwa, masu doya na musu ihu wai ko a hanya suka shuka. Kalo takan ɗaga musu hannu ɗaya, ɗayan yana kan igiya.