Kifin Yallaɓai

Lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye, ina aikin malamin gona a wani ƙauye can bayan Jahun, shi kuma yana gida Haɗeja, ba mai juya shi sai ƙanwata. Abu ɗaya nake nema a duniya: a mayar da ni Haɗeja in riƙa kwana kusa da shi. Na rubuta takardar neman canjin wurin aiki har na gaji. Wani tsohon ma'aikaci ya dube ni ya ce, "Kai har yanzu yaro ne. Wa ka sani a sama?"

Ban san kowa ba, sai na shiga neman sani. Duk taron bita da aka kira ina sahun gaba, ina gaisuwa da hannu biyu, ina karɓar lambobin waya. Aka zuba ni a guruf-guruf na WhatsApp inda ba a komai sai barka da Juma'a da taya manya murnar ƙarin girma. Mutumin da kuka ci shinkafa a faranti ɗaya jiya, ka kira shi yau ya ce, "Wa ke magana?"

A irin wannan taro na haɗu da wani darakta daga hedikwatarmu, wanda kowa ke ce wa Yallaɓai. Da ya ji ni ɗan Haɗeja ne sai fuskarsa ta washe. Ya ce iyalinsa ba su da abin so kamar bandar tarwaɗa. Na koma masauki ina jin kamar an riga an sa hannu a takardata.

Daga nan duk ƙarshen wata sai na kai masa kwalin kifi har gida. Baba tsohon masunci ne, don haka shi ke zaɓa. In kwaso daga kasuwa in baje masa a tabarma, ya sa hannunsa mai lafiya ya ɓantara, ya shinshina, ya ture wani gefe. "Wannan da ɗanyen itace aka banda shi. Ba a kai wa babban mutum irin wannan." In na dawo kuma ya tambaye ni, da bakinsa da ya karkace, "Ya ji daɗinsa?"

Mu a wajenmu ba a ajiye tsaraba a ɗora roƙo a kanta, abin kunya ne. Sai dai ka gaisa, a tambayi mutanen gida, ka ce Baba na fama da jiki, ka jira mai hankali ya gane. Na yi ta jira. Yallaɓai kuwa in yana da baƙi sai ya nuna ni ya ce, "Ga mai kifinmu." Ni da wautata har daɗi nake ji, wai na zama ɗan gida.

Da jikin Baba ya tsananta har ya daina gane abin da ke gabansa, zaɓen kifin ya dawo hannuna, na cire kunya na faɗa wa Yallaɓai buƙatata. Ya sauke tabarau ya dube ni. "Au, kai ma'aikacinmu ne? Wallahi na ɗauka sana'arka ce." Sannan ya ce za a duba. Ban taɓa jin na tsani kalma kamar wannan ba, kuma har yau na tsane ta.

Da damina Baba ya rasu. Ruwa ya cinye hanyar ƙauyen da nake, kafin in zagayo an riga an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba.

Muna zaman makoki sai ga motar Yallaɓai ta tsaya a ƙofar gida. 'Yan unguwa suka fara gyara zama, wani kawuna ya raɗa mini, "Ashe kana da manya." Direba ne kaɗai ya fito. Ya ga tabarmi ya yi turus, don ba ta'aziyya aka aiko shi ba. Ya zauna aka yi addu'a, sannan ya ja ni gefe yana sosa ƙeya.

"Malam, ka yi haƙuri, saƙo ne. Yallaɓai ya ga wata ya ƙare shiru. Kuma ya ce na ƙarshen nan bai kai na da daɗi ba, wai ko ka canza wurin saye ne?"

Na ce, "Wurin saye yana nan. Ka gaya masa mai zaɓa masa ne ya rasu."