Farar Ƙasa a Kan Baƙar Mota

Jiya maƙwabcina a nan Talata Mafara ya jiƙa farar ƙasa zai shafe katangarsa, ƙanshin ya tsallako har tsakar gidana. Ina riƙe da tsintsiya na tsaya cak. Za ka ce farar ƙasa wane ƙanshi gare ta, to ni ko a tsakiyar kasuwa aka jiƙa ta sai na waiwaya, domin ita ke dawo mini da babana da baƙar motarsa.

A Bakura aka haife ni, kuma ni kaɗai iyayena suka samu. Babana direba ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara, da ita yake kwasar albasa da tumatir da tattasai daga gonakin Bakolori zuwa kasuwanni, ranar kasuwar Janbako kuwa har da mutane da awakinsu. Ina 'yar shekara shida innata ta rasu, daga ranar bakina ya rufe. An kai ni asibiti, an yi rubutu na sha, magana dai ta ƙi fitowa. Gida ya rage mu uku, ni da babana da kakata wadda ta haife shi, tsakar gida tsit sai kukan kurciya.

Ganin haka ya fara tafiya da ni duk inda za shi. Wata rana muka shigo Mafara wurin mai fenti, saboda tsatsa ta fara cin motar. Gwangwanaye na jere a buɗe. Babana ya durƙusa daidai tsawona ya ce, "Ɗiyata, zaɓo muna kala." Ya saba yi mini magana ba amsa. Idona ya faɗa kan wani fenti baƙi wuluk mai sheƙi, sak zanen rinin da innata ke ɗaurawa ranar Juma'a. Na nuna shi na ce, "Wanga."

Kalmar farko ke nan bayan wata biyar. Babana ya daɗe a durƙushe bai tashi ba.

Mai fenti ya ce, "Malam, baƙi fa? Ga bazara tahe. Gasa ka za ta yi."

Babana ya ce, "Abin da tac ce shi za a yi."

In ba ka taɓa zama cikin baƙar mota a bazarar ƙasarmu ba, ba ka san rana ba. Tun hantsi murfin ƙofa ba ya taɓuwa. Sitiyari sai an naɗe shi da tsumma, kujera kuwa sai ka yi bisimilla kafin ka zauna. Kakata, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta tare shi a zaure ta ce, "Kai ko dabbobi ba ka lura? Hwararen shanu na kiwo da tsakar rana, baƙar akuya na laɓe gindin katanga. Baƙi shan rana shi kai, hwari korar ta shi kai. Ka mai da mota yadda take."

Ya ce, "Inna, yarinyar ga na magana yanzu."

Kuma gaskiya ne. Kullum da safe nakan ɗauki tsumma in goge motar, ina ba ta labari, ina kiran ta motar Inna. Daga nan maganar ta bazu zuwa kan mutane. Tsoron babana ɗaya ne, kada ya sauya fentin bakina ya sake rufewa.

Ya kuwa ɗanɗana. Direbobin tasha suka sa wa motar suna tanderu, in ya shigo sai su tambaye shi ko gurasar ta nuna. Fasinjojin da a da ke faɗa a kan gidan gaba suka gwammace su zauna a baya kan buhuna. Masu salak da alayyahu suka koma wa wani direba, don ƙarfen bayan motar na dafa musu kwandunan ƙasa kafin a isa kasuwa. Ni kuma aka sa ni makaranta, sai ya zama shi kaɗai yake tafiya, daga shi sai jarkar ruwa naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Yakan dawo bayan la'asar ido jawur, wuya duk ƙurajen zafi, gishirin gumi ya yi zane a bayan rigarsa. Akwai ranar da jiri ya ɗebe shi a hanyar Maradun, da ƙyar ya gangara gindin wata tsamiya. Ni ba a gaya mini ba, a bakin matan unguwa na tsinta.

Shekarar da ta biyo, ranar da ruwan farko ya sauka, ina tsaye a zaure na ga wani farin ruwa yana gangarowa ta gilashi da ƙofofin motar. Na tambaye shi. Ya ce kashin balbela ne, ya yi dariya, ya kawo wani zance. Ban yarda ba, amma damina ta wanke shaida.

Da bazara ta sake zagayowa, na faki idonsa yana masallaci, na mirgino turmi na kife na hau. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to ni turmi ya ishe ni. Rufin motar fari fat, ga sawun tsintsiya a jikin farar ƙasar. Bai kai shafen har baki ba, ya bar tazarar tafin hannu baƙa a kewaye, yadda gajeruwa irina ba za ta hango daga ƙasa ba.

Kakata ta fito ta same ni a haka. Ta ce, "Sauko. Ba ki ga komi ba. In kin tahi makaranta shi ka shahwa ta, don shi samu sauƙi. Kada ki kunyata shi."

Na sauko. Ka ga, a lokacin magana ɗaya ta ishe ni in raba shi da wannan azaba, in ce a mai da ta fara. Ban faɗa ba. Zanen innata an riga an bayar da shi sadaka, motar nan kaɗai ta rage mini da launinta, na yi rowa. Na girma, na zarce rufin motar tsawo, na yi aure, na kama aiki, ban faɗa ba. Shi yana ɓoye mini, ni ina yi kamar ban gani ba, haka muka ci shekaru. Wannan abin yana damuna har yau.

Yanzu motoci da na'urar sanyi suke zuwa, mutum ya zaɓi kalar da ta burge shi ya ɗage gilashi. Kakata ta daɗe da rasuwa. Hanyar Janbako, saboda rashin tsaro, sai mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya kama ta. Motar ma ta daina tashi, tana kan duwatsu a tsakar gidanmu, amma babana bai bar ta ba. Da rana yakan shiga gidan gaba ya zauna da rediyonsa shi kaɗai.

A farkon bazarar nan Allah Ya yi masa rasuwa. Bayan masu gaisuwa sun watse na koma gidan da azahar. Na taɓa ƙofar motar, na janye hannu ba shiri. Na ɗora tafina a kan rufin, ɗumi ne kawai. Shafen sabo ne, kuma ko a bana ya bar tazarar nan baƙa a kewaye.

Na ce, "Baba, a mai da ta hwara." Ba kowa a gidan sai kurciya.

Kwanakin nan hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma na san abin da ruwan farko zai wanke.