Fitilar da Nea Ilarie ya ƙi saka wa mahaifiyata

Kullum ƙarfe bakwai na safe Nea Ilarie Stancu (Nea kamar a ce Baba ne a harshenmu) yakan turo tsohon kekensa daga gida, tsani ɗaure a gefe, jakar kayan aiki tana rawa a baya. Ba ya hawa sai ya wuce coci, wai kada waliyyai su ce ya raina su. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gyara mana wuta a ƙauyen nan. Ƙarshen wannan watan zai jingine tsani, don gwiwoyi sun ce sun gaji, ni kuwa na ga bai kamata ya sauka shiru ba.

Duk wanda ya taɓa kiransa ya saka fitilar waje ya san halinsa. Sai ya gama zagaya gidan hannu a baya, ya tambayi inda kare ke kwana, da idon da ya fi rauni a idanun mai gida, da tagar maƙwabci da hasken zai doka. Tanti Rodica, wadda gidanta ke kallon namu, ta ce ya taɓa sauko da fitilar da ya riga ya kafa don kawai ya ga tana tara ƙwari a kan inabin rumfarta. Ya canza mata da mai ruwan ɗorawa, ya sunkuyar da kanta ƙasa. Mai gardama ne, ban ɓoye ba, amma ban ji wanda ya yi gardama da shi ya ci riba ba. Ni ma na gwada.

Shekara biyu da suka wuce mahaifiyata, Saveta, ta faɗi a matakalar ƙofar ɗaki da almuru. Ita kaɗai ce a gidan, ina aiki a Torino ta Italiya, yayana Sorin yana Jamus. Sorin ya yanke magana cewa in ta sake faɗuwa, gidan kula da tsofaffi na birni za a kai ta. Mama ta ce sai dai a fitar da gawarta. Sai na zo gida da kwali cike da fitilun zamani, irin masu kunna kansu da rana ta faɗi, ina ji da kaina.

Nea Ilarie ya buɗe kwalin, ya ɗaga babbar, ya kalle ni ta saman tabarau.

"Corina, filin jirgi za mu haska ko gidan Saveta?"

"Na zamani ne, Nea Ilarie. Mama ba sai ta taɓa komai ba, da kansu suke kamawa."

"Ƙananan nan na yarda, zan jera su a matakala da hanyar akurkin kaji. Amma ta bakin ƙofar gida, ba da hannuna ba."

"Ita ce fa mafi kyau a cikinsu."

"Maƙaryaciya ce. Ko uwarki tana kwance a ƙasa, ita za ta kama abinta ta ce lafiya lau. Kin daɗe a Italiya, 'yar nan. Wa ke duba ta da yamma?"

"Ina kiranta a waya."

"Ran Lahadi. Rodica kuwa kullum."

Kunya ta kama ni, don na san abin da yake nufi, mantawa na yi. A layinmu, duk tsohon da ke zaune shi kaɗai yakan kunna fitilar ƙofar gidansa da hannunsa in rana ta faɗi, na gidan da ke kallonsa kuma ya leƙa ta taga. Ba wanda ya taɓa yin taro a kan haka. In ta kama, sai kowa ya koma kan tuwon masararsa, in ba ta kama ba, sai a tsallaka titi. Duk da haka na yi ta musu, har na ce masa ya tsufa bai san zamani ba. Sai ya saka wata fitila sabuwa fil mai ƙaramin ƙwai a ƙofar gida, ya sa Mama ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin girki, ya auna daidai inda hannunta ke kaiwa ba tare da ta miƙa ba, a nan ya kafa makunnin.

A watan Fabrairun da ya wuce, wata ranar Talata, ƙananan fitilun matakala suka kama kamar kullum, ta ƙofar gida ba ta kama ba. Tanti Rodica ta tsallako da silifas a cikin dusar ƙanƙara, ta iske Mama a bayan gida kusa da akurki, santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye, murya ta dushe don kira. Likita ya ce da ta kwana a wurin cikin wannan sanyi, da wani labarin ake yi.

Sorin ya kira a fusace, ya ce maganar gidan tsofaffi ta tabbata. Na ba shi labarin fitilar. Da ya gama ji, sai ya ce, "Ni a nan maƙwabcina ko sunana bai sani ba. Bar ta a gidanta." Yanzu Mama tana nan da sandarta, tana yi wa kajinta faɗa.

Nea Ilarie, kai ne ka kalli uwata lokacin da ni, 'yarta, kwali nake kallo. Na ce maka ka tsufa, ka yafe mini. Ban san da wane baki zan gode maka ba, amma na gode, ni da Sorin, har da Rodica da ta ce kada in manta da silifas ɗinta. Ku masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi zagaya gida da yin tambaya kafin ku huda bango. Mu kuma da ke aiko da kaya daga nesa, mu riƙa sauraron wanda ya zauna.

Tun da matarka ta rasu bara, kai ma kai kaɗai ne a gida. Ka riƙa kunna taka da wuri, Nea Ilarie. Duk layin nan muna leƙowa.