Ni Na Ɗauko Gilashin, Shi Ya Sa Kaki

Ƙasa ce kaɗai za ta rufe mini ranar da aka gwada mu a ofishin duba yanayi na Nguru. Lokacin yaƙin Turawa ne. Ni da taubashina, ɗan kawuna, mun baro Gashuwa muna dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Nguru.

Wata rana jirgi ya kawo wani dogon gilashi mai zaiba a ciki. Baturen ofishin ya dubi 'yan dako, ya nuna ni. Tafinta ya ce in kifa shi, in rungume, kada in girgiza, don samansa fanko ne, ko iska babu, in ta shiga ya mutu. Haka na taka da shi har filin jirgin sama, inda ofishin yake, kamar mai ɗauke da jinjiri. Taubashina yana baya da akwatin banza, yana cewa, "Amarya, a bi sannu!"

Daga nan na ɗauka gilashin nawa ne.

Ashe mutum ɗaya suke so ya riƙa duba shi. Zaiba tana hawa tana sauka gwargwadon nauyin iska, ana karanta tsayinta da inci. Amma masu jirgin sama ba sa son inci, sai wani awo wai miliba. Inci ɗaya miliba talatin da huɗu ne, saura kaɗan. Aka ce ni da taubashina mu je mu koyi lissafin, za a gwada mu.

Shi ya taɓa zama gaban wani akawu, ya san fensir. Ni gyaɗa na sani. Kowane inci in tara masa ƙwaya talatin da huɗu.

Ranar gwaji Bature ya ce, "Inci talatin."

Na durƙusa na fara jera tsibi. Ban kai rabi ba taubashina ya ce, "Dubu da goma sha shida."

Ban ɗaga kai ba. Na gama, na ƙirga, gumi yana zuba. Na ce, "Dubu da ashirin. Ga su nan, a ƙirga."

Tafinta ya ce, "Ina 'saura kaɗan' ɗin?"

Na ce, "Da haƙori zan gutsure kowane tsibi?"

Aka yi dariya, har Baturen. Taubashina ya tsinci ƙwaya huɗu ya watsa a baki, ya ce, "To, yanzu lissafinka ya yi daidai."

Wasan taubasai ne, ba a fushi. Na yi dariya, amma iya baki.

Aka ba shi kaki da keke. Ni na koma ƙarƙashin buhu. Da Sallah muka je Gashuwa, na ji uwata, wadda ta haife ni, tana ce masa, "Malam, bana za a yi ruwa?" Ni ta tambaye ni ko wuyana ya daina ciwo.

Bai taɓa wulaƙanta ni ba, wannan ya fi ƙona ni. Har rasuwarsa in ya gan ni sai ya ce, "Mai gilashi!" Ni na yi masa wanka. Duk da haka, yau in na ga keke sai ƙirjina ya motsa.

Abin da na koya ke nan: ƙarfi yana kai kaya ƙofa, amma "saura kaɗan" ke shiga da su ɗaki. Shi ya sa duk 'ya'yana na kai su makaranta da hannuna.