Ranar da Na Yi wa Saba Jinya da Ƙanƙara

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da ranar da na kewaye na'ura da ƙanƙara kamar mai sayar da zoɓo.

Lokacin ina aiki a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a Funtua. Ana ce mini Injiniya, ni kuma ina amsawa har da gyaran murya. Muna da saba, wato babbar na'urar da kwamfutocin ɗalibai ke ɗauko tambayoyi daga cikinta. In ta mutu, jarrabawa ta mutu. Fankokin da ke sanyaya cikinta ƙara suke yi kamar injin niƙa, Alhaji mai wurin kullum ƙorafi, sai na canza su da sababbi marasa ƙara. Na sha yabo, na ƙara wa kaina da nawa.

Ranar jarrabawa, ana tsakiyar bazara, ɗalibai suka cika harabar, wasu daga Bakori, wasu daga Maska. Cikinsu har da ƙanwata, wadda ta yi watanni tana karatu, ko gidan biki ba ta leƙawa. Wanda ya rasa zaman ranar, sai baɗi. Ana shirin shiga sai saba ta fara tsuwa, jar fitila na ƙiftawa, allo ya nuna wai fanka ta tsaya. Can fankokin su tashi da ƙarfi, su lafa, tsuwar ta dawo. Ni kuwa na san in zafi ya yi mata yawa kashe kanta take yi.

Alhaji ya leƙo. "Injiniya, lafiya?"

"Zafi ne, ranka ya daɗe. A nemo ƙanƙara."

Yadda na faɗa, sai ka rantse a Turai na koyo. Aka bi gidajen matan unguwa masu firji aka kwashe ta kaf. Na jera robobin ƙanƙara kewaye da saba, na kunna mata fankar tsaye har da ta ofishin Alhaji. Ɗaki ya yi sanyi, tsuwa kuwa sai ƙaruwa. Maimakon in tsaya in yi tunani, cewa na yi a ƙaro.

Ƙanwata ta leƙo ta taga, idonta ya ciko. "Yaya, za mu rubuta kuwa?"

Na ce za su rubuta, amma wallahi ban iya kallonta ba.

Ƙanƙara ta ƙare a unguwa, wadda ke robobi ta narke, ruwa ya malalo yana neman wayoyin wuta. Na tuɓe rigata ta shadda na durƙusa ina tsane shi, Injiniya guda daga shi sai singileti. Ina cikin haka ɗaki ya ɗumama, sai na ji shiru. Tsuwa ta tsaya.

Sai a lokacin na duba abin da ya kamata in fara dubawa, ma'aunin zafinta. Lafiya lau, tun safe bai taɓa hawa ba. Ashe sababbin fankokin, dama a hankali suke juyawa, in suka ji sanyi kuma sai su ƙara lafawa, ita kuma saba an saita ta da gudun tsofaffin, da ta ga gudu ya ragu sai ta ɗauka fanka ta mutu. Wato duk robar da na ƙara, ƙarya na ƙara mata. Na shiga saiti na sauke iyakar gudun da take kuka a kai, shi ke nan. Aka fara jarrabawa bayan azahar.

Ƙanwata ta ci, yanzu malamar asibiti ce, kuma har yau ba ta kirana sai da Injiniyan Ƙanƙara. Ita ce ma ke ce mini su a wurinsu sai sun auna mutum kafin su ba shi magani.

Abin da na koya ke nan: mai kuka ba lallai ya san abin da ke damunsa ba. Shi ya sa ko ɗana ne ya ce zazzaɓi yake ji, sai na taɓa goshinsa kafin in aika kemis, musamman in ranar Litinin ce.