Daminar da Belina Ya Tsallake Askar Wanzami

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu na Karofi, na farka na ji kamar na haɗiyi ƙaya. Jiya-jiyan nan nake ta tsalle a tsakar gida, ina rera waƙar da malamarmu ta zaɓe ni in ja ranar bikin rufe makaranta, har awaki suna ɗaga kai suna kallona. Yau kuwa ko yawu ba ya wucewa, jikina zafi rau, kokon da Inna ta dama mani ya huce a kofi.

Kakata Hajiya Kulu ta sa na buɗe baki a bakin ƙofa inda haske yake, ta leƙa, ta tafa hannu. Dama tana da tsohon ƙorafi: a asibiti aka haife ni, ba a cire mani beli ina jaririya ba kamar sauran 'ya'yan gidan. "Ga shi nan ya sauko," in ji ta, "a kira wanzami." Kafin hantsi wanzamin ya iso, ya shimfiɗa zabirarsa a zaure yana wasa aska. Ni ba jinin nake tsoro ba. Tsorona kada a ba Hindatu 'yar ajinmu waƙata.

Inna ba ta yi musu da surukarta ba. Ta bi Baba bayan rumbu ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sai ya fito ya roƙi Hajiya a fara gwada asibiti, in bai yi ba, wanzami ai ba ƙaura zai yi ba. Aka sallami mutumin da kwanon gero.

Ban taɓa hawa babur zuwa Dutsin-Ma ba sai ranar. Duk da zazzaɓin, daɗi ya cika ni. Gero yana kaɗawa hagu da dama, wake ya yi fure, shanu suna ratsa hanya, ni kuwa na ƙanƙame rigar Baba ina rera waƙata a zuci. A asibiti wata ma'aikaciya ta danne harshena da ɗan katako, ta haska, ta nuna wa Baba fararen ɗigo a gefen maƙogwarona. Ta ba mu kwalbar magani, ta ce ba kowane ciwon wuya ke son irinsa ba, amma nawa ƙwayoyin cuta ne, kuma sai na shanye kwalbar tas ko da na ji sauƙi.

Sauƙin ya zo da wuri. Na koma ɗebo ruwa da wasan carafke, na cinye tuwon da na yi kewa. Hajiya ta ce a ɓoye sauran maganin saboda wani yaron, Inna ta ce a'a cikin ladabi. Abin mamaki, daga baya Hajiyar ce ta karɓi cokalin, tana ba ni tana mita: "Sha, mai beli, mu ga ƙarshen kwalbar nan."

Ranar biki na ja waƙa har bayan fili ana jina. Guɗar da ta fi kowace ƙarfi ta Hajiya ce.

Yanzu ina birni. In wuyana ya yi ciwo, likita ya duba, ni kaɗai nake tuna lokacin shan magani. Belina yana nan, Hajiya ta rasu, kuma har yau ba na barin saura a kwalba.